Watan Daddawa a Gidan Fadama

Babana da wansa sunka gina gidan nan a bakin fadamar Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, inda ko'ina ka duba rake ne da albasa da alkama. Ba gidan zaman dindindin ba ne. Ɗaki uku ne da zaure, wurin da ake zuwa a huta in an gama kaka an cika rumbuna. Wata guda namu, wata guda nasu, tsayuwar jinjirin wata ke raba mu. Babana ya ba ni rabonsa tun yana da rai, gaban shaidu, don ni kaɗai gare shi. Rabon baffana kuwa ya faɗa hannun babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya. Malami ne a ofishin hakimi a Rabah, zamanin Nasara.

Ba a gaggawa a gidan. Kukan jigon masu ban ruwa ke tashe ni da asuba. Kafin hantsi masunta sun biyo da tarwaɗa, matan Fulani sun sauke ƙwaryar nono a ƙofar zaure, mu yi ta hira har rana ta take tsaka ba wanda ya ce zai tashi. Ni kuwa aikina kaɗi, a inuwar itatuwan rumman guda uku da innata ta dasa a tsakar gida. Daga Wurno ta ɗauko su suna 'yan tsirrai, ta shekara tana ɗebo musu ruwa da tulu daga gulbi. A ƙarƙashinsu ta yi jinyarta ta ƙarshe, don ta ce ɗaki na shaƙe ta.

Shekarar da mijina ya rasu, takaba ta hana ni zuwa har sau biyu. Da na fita, watana ya kama, na hau jaki na tafi. Ina shiga na tsaya cik. Ba rumman, ko kututture ba a bari ba. A wurinsu an gina sabon ɗaki, an shafe shi da farar ƙasa, har da taga. Wani tsoho mai lambu, maƙwabcinmu, ya faɗa mini abin da ya faru. Wai Bature zai zo rangadi ya duba gonakin albasa, Yaya ya roƙi hakimi a sauke shi a gidan, don yana neman a ɗaga shi ya zama magatakarda.

Na aika masa Rabah ina tambayar dalili. Amsar da ta dawo ita ce, itace ne ba mutum ba, kuma mace ba ta san abin da ke ɗaga gida ba. Ya ƙara da cewa watana na gaba kada in zo, a cikinsa baƙon zai sauka, ranar huɗu ga wata. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Ban yi kuka ba. Duk watan nan na zauna ina kallon farin ɗakin, ko abinci ba ya mini daɗi. Da na koma gida sai na shiga tara kalwa. Na aika Maikujera, na aika Boyekai, duk mai ɗorawa a gonarsa sai da na same shi, har na haɗa taiki biyu. Na nemo mata huɗu waɗanda sunka gwanance da daddawa, na ce musu aiki ne na mako guda, ci da sha a kaina.

Ran da wata ya tsaya, washegari da sassafe muna gidan. Munka kafa manyan tukwane, munka dafa kalwa, munka surfe, munka sake dafawa. Sannan na sa anka zuba ta cikin ƙwarya da masaki, anka rufe da ganye da tsummoki, anka jera a sabon ɗakin tun daga ƙofa har bango. Da hannuna na toshe tagar. Wanda ya san daddawa ya san abin da kwana uku ke yi mata a rufe da zafin bazara. A tsakar gida kuma na sa anka daka ganyen albasa, munka shanya gabu ko'ina.

Ranar huɗu da hantsi Yaya ya iso bisa doki, da dogari da 'yan alaro ɗauke da gado da kujeru. Tun daga bakin lambu warin ya tare su. Ya shigo da rawani a hanci, ya buɗe ɗakin, ya ja da baya kamar an mare shi.

"Ke, mi kinka yi mini haka?"

Na ce, "Wata ya tsaya, Yaya. Ko ba ku gan shi ba a Rabah?"

Ya yi ta faɗa, ya ce wa dogari ya fitar da mu. Tsohon mai lambu, wanda yana cikin shaidun babana, ya taso da sandarsa ya tsaya a zaure, ya ce wannan wata rabona ne, in ana ja a tafi gaban alƙali. Dogari ya kau da kai yana danne dariya. Sunka fitar da masakan, sunka ƙona turare, sunka yayyafa ruwa, amma warin ya riga ya shige bango.

Da la'asar Bature ya zo. Ta tsagar zana nake leƙensa, fuska ja kamar gauta. Ya sa ƙafa ɗaya a ɗakin, ya fito da ƙyalle a hanci, ya yi wa tafinta wasu 'yan kalmomi, ya hau dokinsa. A Goronyo ya kwana. Yaya ya bi su a baya, ba wanda ya waiwaye shi. Rannan na ci tuwo malmala biyu.

Magatakarda dai wani anka ba, shi kuma mutanen kasuwar Rabah sunka laƙa masa sunan daddawa, ya bi shi har tsufa. Munka ci gaba da karɓa-karɓar gidan shekara da shekaru ba ma ga maciji. Da ciwon ajali ya kama shi, ya aiko ƙaninsa wai in yafe masa. Na ba ƙanin nasa fura, na ce ana cirar albasa, in an gama zan zo. Sai da anka gama ɗin na tafi. Na same shi ya rame, ba ya iya ɗaga kai. Ya ce, "Ƙanwata, ki gafarta mini." Na daɗe ina dubansa, sannan na ce na yafe, don mutane na zaune. Bayan kwana tara ya cika.