Ganyena a Bishiyar Dangi

Ni ɗan fari ne, kuma uwata Bafulatanar Yola ce ta ainihi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama inda nake zaune, kuma in na durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Da aka yaye ni, gidan kakata ta wajen uba aka kai ni, can ɗaya gefen unguwarmu ta Mbamoi, a nan na girma. In na zo gida tana so a ba ni abinci, ƙannena take ce wa, "Ku kai wa Hammanku," wato yayanku. Kunya ce, al'ada ce, kowa ya sani, ba kuma wanda ya taɓa cewa ba ta sona. Amma ni dai har furfura ta fito mini a gemu ina jiran kalma ɗaya tawa daga bakin Dada, haka muke kiranta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata.

Aikin gida na 'yar firamare ne ya tono wannan magana.

Autata tana aji huɗu a wata makaranta a unguwar Karewa da ke Jimeta, inda muke zaune, lokacin da suka fara ba yara aiki ta intanet. Wallahi na yi faɗa. In na taso daga sakatariya a gajiye, a bakin ƙofa nake samun yarinyar nan, ba sannu da zuwa, ba komai, sai "Baba, wayarka." Ta cinye data, ta ƙarar da caji, ga shi an ɗauke wuta. Na ce wannan wane irin karatu ne, mu da muka yi namu da alli da ɗan allo ba mu zama mutane ba? Rannan dai na ɗauki hulata na nufi makarantar da niyyar in sauke wa malamar ajinsu kwandon masifa.

Malamar Kirista ce, 'yar wajen Numan, mace mai sanyin magana. Ta bar ni na zazzage duk abin da na zo da shi, sannan ta jawo mini kujera ta buɗe shafin ajinsu. Ta nuna mini wasan lissafi da suke yi: kankana ce a fuskar wayar, yaro ya yanka ta da yatsa gida biyu ko gida huɗu, ya raba wa mutanen da ke jira. In ya yi kuskure sai kankanar ta haɗe, ya sake. Ta ce, "Oga, yarinyarka da ba ta ɗaga hannu in ana lissafi. Yanzu dubi yadda take maimaitawa da kanta har sai ta ci." Na ce to me ya canza? Ta yi murmushi ta ce, "Abin ba ya mata tsawa."

Ni kuwa na san wanda ke tsawa a gidanmu in an zo lissafi.

Daga nan na sauko. Kafin wani lokaci ma ni ne nake tambaya, "Yau ba a ba ku aiki ba ne?" Akwai taswirar da ake jawo koguna da yatsa a ajiye kowanne a mazauninsa. Ni da na yi wanka a Binuwai tun ina yaro, sai ga ni na kai shi wani wuri daban, yarinya tana dariya har da faɗuwa. Na gode wa matar nan tun a lokacin, ban san ma ba a fara komai ba.

Da zango ya kusa ƙarewa sai aka ba su babban aiki, bishiyar dangi. A shafin akwai bishiya da rassa, yaro ya jawo hoton kowane ɗan gidansu ya ɗora a kan ganye. Ƙarƙashin kowane ganye akwai wurin ɗaukar murya. Ƙa'idar malama ita ce ba mutum ne zai ba da labarin kansa ba, wanda ya san shi tun yana ƙarami ne zai faɗi wani abu a kansa, kuma uwarsa ta fi in tana raye. In an ɗauki muryar sai ganyen ya koma kore, in ba a ɗauka ba ya zauna fari fat.

Na matata bai ba da wahala ba. Surukata tana nan unguwar Ajiya, kuma ita in ta fara magana sai dai a yi mata addu'a. Ta yi ta zuba har abin ya yanke ta da kansa, ta ce ita ba ta gama ba, a sake. Yayyen autar kuwa uwarsu ta yi musu. Bishiya ta yi kore shar, ban da reshenmu na Mbamoi.

Na ce wa auta, "Nawa ki kai wa Goggo, ƙanwar babana, ta san ni sarai."

Ta ce, "Malama ta ce uwar mutum in tana raye. Dada ba ta raye ne?"

"Subhanallahi! Ke wace irin yarinya ce? Dada ba za ta yi ba."

"Me ya sa?"

To me zan ce wa 'yar aji huɗu? Na kira malama a waya na yi mata bayani, raina a ɓace. Ta ce ta san al'adar, ta zauna da Fulani tun tana ƙarama, kuma in abin bai yiwu ba kowa ma ya yi, ba za ta rage wa yarinya maki ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Oga, ka bar ta ta tambaya mana. Kai ne ɗan fari, ita jika ce." Na ce to, a baki. A zuciyata kuwa tsoro nake ji. Gara a ce ba a taɓa tambayar Dada ba, da a tambaye ta a gabana ta ƙi.

Ranar Asabar muka shiga tsohuwar motata muka tafi, ni da auta. Lokacin cirar gyaɗa ne. Mun sami Dada a tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa a faifai, kaji suna kewaye ta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa katanga kamar kullum. Amma da ta ga jikarta, sai fuska ta washe. Dada ta fi sakewa da Fulatanci, auta kuwa ba ta ji sosai, don haka da Hausa suke yi, irin Hausar tsofaffin Yola da mace da namiji duk "kai" ne.

"Kai mummuna, sai yau? Me ka kawo mini daga Jimeta?"

"Ke ce mummuna, Dada, ba ki da haƙora. Aiki na kawo miki."

Na koma gefe na kifa turmi na zauna. Auta ta manne mata, ta buɗe bishiyar, ta nuna mata yadda ake yi. Dada ta riƙe baki tana cewa ikon Allah. Aka fara da ƙanena, wanda yake bi mini. Tabɗi! Ashe tsohuwar nan akwai labari. Ta kira sunansa tiryan-tiryan, ta faɗi yadda yake satar rake a gonar maƙwabta, yadda ya faɗo daga kan jaki ya ce jakin ne ya fara. Aka sake kunna mata ta ji muryarta, ta yi dariya har da share hawaye. Aka yi na ƙanwata, shi ma haka. Ina zaune a kan turmi ina murmushi, amma gaskiya kishi nake ji, ƙaton mutum da ni, ina kishin ƙanena a kan labarin jaki.

Sai auta ta taɓa hotona, ya cika fuskar wayar.

"Saura Baba."

Dada ta kawar da kai. Ta ture wayar da bayan hannu ta ce, "Ɗauke."

"Dada, kaɗan kawai. Ki faɗi yadda yake yana ƙarami."

"Na ce ka ɗauke. Ba ka da kunya ne?"

"To ai ke kika haife shi!"

Tsohuwar ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta shige ɗaki ta saki labule. Auta ta fashe da kuka, wai kowa a ajinsu zai kawo bishiya cikakkiya, ita ce kaɗai babanta zai zauna fari. Ni kuma abin da na ji tsoro ya faru a gabana, sai na huce a kan yarinya. Na daka mata tsawa, "Ban faɗa miki ba? Taurin kan tsiya! Rufe mini baki, ki tattara mu tafi!" Har kaji suka watse. Na ga dai in na tsaya zan yi abin da zan ji kunya, sai na fice na tafi masallaci, dama an kira la'asar. Bayan salla na zauna da abokan ƙuruciya a bakin masallacin, ana hirar gyaɗa da farashin taki, ni dai ina jira ƙirjina ya yi sanyi.

Da na dawo na sami auta ita kaɗai a kan tabarma tana cin gyaɗa, idonta a bushe. Dada tana ɗaki. Na yi mata sallama daga bakin labule, ta amsa daga ciki, muka fito. Na yi niyyar in ba yarinyar haƙuri a hanya, in ce gobe mu je wajen Goggo. Ina tayar da mota sai ta ce, "Baba, Dada ta yi."

"Ta yi me?"

"Ta yi naka. Amma ta ce kada in kunna sai mun bar Yola."

Na ja mota a hankali. Muka ratsa cikin gari, muka hau titin Jimeta. Da na ga gidaje sun ja baya sai na gangara gefen hanya ƙarƙashin wata dalbejiya na kashe mota. Na ce, "Kunna."

Da farko kukan kaji ne kawai. Sai muryar Dada, ƙasa-ƙasa.

"Ya fita?"

"Ya tafi masallaci," in ji auta.

"Wannan abin, wa zai ji?"

"Malama, da 'yan ajinmu. Da Baba."

"Shi ma zai ji?"

"Zai ji, Dada. Ai wayarsa ce."

Har na zaci ta fasa. Ina jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta. Sannan ta ce:

"To. Da damina aka haife shi, ɗan ƙanƙani, ba wanda ya ce zai yi rai. Da aka yaye shi aka kai shi gidan kakarsa. Muna da rijiya a gidan nan, ka gan ta. Sai na ce wa mutanen gida ruwanta ya yi kanwa, ba na iya sha. Ƙarya ne, ruwan lafiyarsa ƙalau. Akwai wata rijiya a bayan zanan kakarsa, can nake zuwa da tulu, safe da yamma. Ba na shiga, ba na leƙawa. Ina jan guga ina saurare. Shi tun yana ƙarami akwai faɗa, da awaki ma faɗa yake, kana jin muryarsa daga nesa. In na ji yana tsawa na san lafiya yake, sai in ɗauki tuluna in koma. Ranar da na ji shiru, tuwo ba ya wuce mini."

Ta tsaya, ta yi gyaran murya.

"Yau ma na ji ya yi maka tsawa. Kada ka ji haushi, lafiya yake ke nan. Ka faɗa wa malamarku, shi ne na fari. Nawa ne. To, kashe abin."

Na san rijiyar. Na yi wasa a bakinta, an sha dukana a kan leƙa ta. Ban taɓa tambayar kaina ba me ya sa ake zuwa ɗibar ruwa daga wancan gefen unguwa.

Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne babana. Motoci suna wucewa, masu keke suna leƙe, oho. Auta ta tsorata, ta dafa kafaɗata tana cewa, "Baba, yi haƙuri, ko in goge?" Na ce kul, kada ki kuskura. Na jawo ta na rungume, na ba ta haƙurin tsawar da na yi mata, na yi ta sa mata albarka, ita da malamarta da duk wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan bishiya, ko a wace duniya yake. Allah ya saka musu da alheri.

Da na ɗan natsu, ta duba wayar ta ce, "Baba, sabis ya dawo, naka ya yi kore. In tura wa Malama?"

Na share fuska da hulata. Na ce, "Ki tura, ki ce mata babanki ya gode. Amma tukuna, sake kunna mini."