Akwatin Kayan Aikin Baba

Ni na karanta wa Baba takardar. Gara in faɗi haka tun farko, domin duk sanda ake ba da labarin a gidanmu sai a tsallake wannan wurin don a rufa mini asiri, ni kuwa rufin asirin ya fi zagi ci mini rai.

Baba makanike ne a wata masana'antar casar shinkafa da ke bakin garin Gaya, ta hanyar da manoman Tunuga ke shigowa da buhunansu. Shekara goma sha takwas ya yi a wurin. Injuna uku ne, kuma tun daga ƙofa yake jin wanda ba shi da lafiya a cikinsu. Ƙarshen wata ana biyansa albashi, ana cire wani abu a kai kes, wato asusun ma'aikata da ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki ko ya tsufa. Katinsa na kes yana cikin leda a ƙasan akwatin Inna, da hotonsa tun yana da gashi a ka.

Da Alhajin mai wurin ya tsufa, sai ɗansa ya karɓi ragama. Yaro ne mai ladabi, ya yi karatu mai zurfi, yana gaida manya har da russunawa. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba, kuma har yau wannan ne ya fi ba ni haushi game da shi. Bai yi wata uku ba ya raba wa tsofaffin ma'aikata sabbin takardu, ya ce kowa ya je gida a karanta masa a tsanake.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ina jin babu mai Faransanci irina daga nan har Dosso. Bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya miƙo mini takardar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, duba mini abin ga. Mi sunka ce?"

A saman shafin an rubuta prestataire. Na san kalmar kamar yadda ake sanin mutum a kasuwa, fuska kawai. Na ce masa ma'anarta mai zaman kansa, kamar ɗan kwangila. Sannan na bi layi-layi ina juyawa zuwa Hausa. Babu wata igiyar biyayya tsakaninsa da kamfani, wato babu mai ba shi umarni. Shi zai tsara lokacin aikinsa. Yana da damar yi wa wasu aiki in ya ga dama. Zai yi aiki da kayan aikinsa na kansa. Ba albashi za a ba shi ba, takardar kuɗin aiki zai rubuto duk wata, faktir, a biya shi kamar yadda ake biyan 'yan kasuwa.

Duk layin da na karanta sai in ga Baba ya ƙara miƙe zama. Ya sa na maimaita masa wurin umarnin sau biyu.

"Babu mai ba ni umarni? Haka anka rubuta?"

"Haka aka rubuta, Baba."

Akwai layi na ƙarshe, mai tsawo, cike da irin Faransancin da ba a koya mana a lise ba. Yana magana ne kan cewa shi zai ɗauki nauyin harajinsa, da zubin kes ɗinsa, da duk wani haɗari da ka iya samunsa. Rabinsa na gane, kuma rabin ya isa in ce a dakata a tambayi wani. Amma Baba yana murmushi, Inna ta bar tankaɗe tana saurare, ni kuma ba na so in ce akwai abin da ya fi ƙarfina. Na ce, "Nan kuma sun ce kai za ka riƙa kula da kanka." Baba ya yi dariya, ya ce da ma wa ke kula da shi in ba Allah ba. Washegari ya dangwala hannu.

Abu ɗaya ne ya dame shi, batun kayan aiki, don ko sifana ɗaya ba shi da ita tasa ta kansa. Ɗan Alhaji ya ce wannan ba matsala ba ce. A gaban dukan ma'aikata ya sa aka ɗauko babban akwatin ƙarfen nan mai shuɗin fenti, wanda Baba ya yi shekara goma sha takwas yana buɗewa yana rufewa, ya ce daga yau nasa ne, kyauta.

Sai wanda ya san garinmu zai gane abin da wannan ya yi wa Baba. A nan, da kuma hayin gada, ƙasar da ke ƙetaren kogi, in almajirin sana'a ya ƙware, maigidansa kan tara mutane ya miƙa masa kayan aiki, a yi addu'a, a ce an 'yanta shi. Baba bai samu wannan ba. Maigidan da ya koya masa gyaran inji ya rasu kafin ranar ta zo, sai ya zama ƙwararren da ba a taɓa 'yantawa ba, abin yana ransa shekara da shekaru. Ranar da ya shigo gida da akwatin a bayan kabu-kabu, na ga hawaye a idonsa. Ya ce sai an yi walima. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, aka kira liman, aka kira abokan aiki da maƙwabta. Aka ajiye akwatin a tsakiyar tabarma kamar jaririn suna, kowa ya shafa fatiha. Ni ma an sa mini albarka, wai ɗiyar da ta yi boko ta yi rana.

Bayan walima babu abin da ya canja. Ƙarfe bakwai Baba yana bakin inji kamar kullum. In ya makara, ɗan Alhaji ya aiko a tambayi lafiya, irin tambayar da kowa ya san ma'anarta. Akwatin ma a can yake kwana, a kusurwar da ya saba kwana. Ni ce dai na samu sabon aiki, rubuta faktir duk ƙarshen wata. Sau ɗaya kacal Baba ya ɗanɗana 'yancin nasa. Wani abokinsa Badende a Tunuga, famfon ban-ruwansa ya lalace, Baba ya je ranar Juma'a ya gyara masa, ya dawo da kifi a leda yana ta ba mu labari, wai yanzu shi ma yana da nasa mutanen.

Shekara biyu bayan haka, a tsakiyar kakar shinkafa, igiyar babban injin ta kama hannunsa na dama.

A asibitin Gaya suka ɗinke abin da zai ɗinku. Likitan ya kira ni gefe, tunda ni ce mai Faransanci, ya ce jijiyoyin sun tsinke. Akwai aikin da za a iya yi a Yamai, amma sai an yi shi cikin 'yan makonni, in an wuce haka yatsun za su ƙage ke nan har abada. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, na san ko gidanmu muka sayar da ƙyar ne. Ya ce kada in damu, ai ma'aikaci ne, kes za ta biya, abin da ake bukata kawai kamfani ya rubuta takardar shaida cewa ma'aikacinsu ya ji rauni a bakin aiki.

Ɗan Alhaji ya zo dubiya da lemo da ambulan ɗin kuɗi. Ya durƙusa a gaban gadon, ya yi addu'a mai tsawo. Da na bi shi waje na yi masa maganar takardar, sai ya sassauta murya.

"Ƙanwata, da zan iya da na yi. Amma Baba ba ma'aikacinmu ba ne, mai zaman kansa ne. In na rubuta haka na yi wa hukuma ƙarya. Ai ke kika karanta masa."

Na so in watsa masa lemon a fuska. Ban yi ba, na ce na gode, na koma ciki na ɓare wa Baba guda ɗaya.

Muka ɗauko katin nan na cikin leda muka hau mota zuwa Dosso, Baba da hannu a rataye. A ofishin kes aka duba aka ce katin ya daina aiki tun shekara biyu, ba wanda ya ƙara zuba komai a kai. Suka tura mu wurin sufeton aiki. Dattijo ne mai gajiyayyen ido, kuma ya yi mana kirki, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce doka ba sunan da aka rubuta a saman takarda take kallo ba, yadda aka yi aikin take kallo. In mutum yana zuwa a kan lokacin da aka sa masa, yana bin umarni, yana aiki da kayan kamfani, kuma wurin kaɗai yake yi wa aiki, to ma'aikaci ne, ko da takarda ta kira shi sarki. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Sai ya juya wurin Baba.

"Malam, ka taɓa yi wa wani aiki ban da su?"

Ina ta yi wa Baba ido. Bai ko kalle ni ba. Ya ba da labarin famfon Tunuga, har da kifin.

"Kayan aikin da kake amfani da su fa, na wane ne?"

"Nawa na," in ji Baba, har yana ɗaga kai. "Gaban jama'a anka ba ni. Liman ma shina wurin walima."

Sufeton ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce duk da haka ba a rasa hanya ba, in an samu abokan aiki biyu da za su shaida batun lokaci da umarni, ana iya kai magana kotu, kuma mai yiwuwa a yi nasara. Na tambaye shi tsawon lokacin da za a ɗauka. Ya dubi hannun Baba, ya ce watanni, wataƙila fiye.

Abokan aikin duk sun zo gaisuwa, wasu har sau uku. Ko ɗaya bai yarda ya yi shaida ba, domin kowannensu irin takardar ya dangwala wa hannu, kuma a cikinta akwai layin da ya ce kowane ɓangare na iya raba gari duk ranar da ya so. Inna ta ce kada in ga laifinsu, suna da iyali. Na ga laifinsu, har yau ina gani. Tuwonmu suka ci ranar walima.

Makonnin suna ta tafiya. Kowace safiya Inna na shafa wa yatsun man kaɗe tana miƙar da su, kowace safiya suna ƙara ƙin miƙuwa. Tun bayan haɗarin aka kawo mana akwatin gida, yana ɗakin Baba. Wata rana da hantsi na same shi zaune a gabansa, yana goge kayan ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, yana danne tsumman da gwiwa.

"Uwata, na yi tunani," ya ce. "Mushen can na Dosso, sufeto, ya ce akwatin ga shi ya ɓata magana. To ki maida musu abinsu. In kaya sunka koma nasu, ni ma na koma nasu. Sai su rubuta takardar."

Na san ba haka abin yake ba. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ga irin kallon da yake mini, irin na ranar gindin mangwaro. Karo na biyu ke nan na kasa. Na naɗa gammo, Inna ta ɗora mini akwatin, na kama hanya da ƙafa. Akwatin ya fi tulun ruwa nauyi nesa ba kusa ba, kuma kayan ciki suna ta kaɗawa, duk wanda na wuce sai ya waiwayo.

A masana'anta injuna uku suna ta aiki. Akwai sabon makanike daga hayin gada, da nasa akwatin a kusurwar Baba. Na sauke a ƙofar biro, wato ofis, na faɗa wa ɗan Alhaji saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya ce wallahi abin ya taɓa shi. Amma kyauta ce, ba a karɓar kyauta bayan an bayar, kuma an rubuta ta a takarda da sa hannun shaidu, ko ya karɓa ba abin da za ta canja. Ya ce in gaida Baba ƙwarai. Sannan ya sunkuya da kansa, da farar rigarsa, ya kama gefe ɗaya ya ɗora mini a ka.

Ban san yadda na iso gida ba. Wuyana ya sage, zufa na shiga mini ido, kuma duk hanya ina neman kalmar da zan faɗa, a Hausa ko a Faransanci, ban samu ba.

Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida yana jira. Tun daga kan kwana ya hango shuɗin fentin a kaina, don haka ba sai na ce komai ba. Bai tambaye ni ba. Ya tashi da sauri kamar yadda ake tashi a tari mai kaya, ya ce, "Sannu, Uwata, kawo in sauke miki."

Ya miƙo hannuwa biyu. Na hagu ya kama hannun akwatin. Na daman ya taɓa ƙarfen, ya zame, ya sake taɓawa, ya zame. Muka tsaya haka a ƙofar gida, ni da kaya a ka, shi yana kallon yatsunsa, har Inna ta fito.