Murjanin Hancin Inna

A shekarun da jiragen yaƙi ke sauka Yerwa muna zaune a unguwar Limanti, kuma Inna, uwar maigidana, ba ta yarda ta rabu da saniyarta ba ko da muka zama 'yan birni. Wata safiya tana tatsa, saniyar ta kaɗa wutsiya, gashin ya sarƙe da zoben murjanin da ke hancinta. Fizga ɗaya, gefen hancin na dama ya tafi. Ina ihu, ita tana cewa kada a daki saniya, ƙuda ne ya dame ta.

Da kyar muka kai ta asibiti. Likitan Bature ya yanko 'yar fata a kumatunta, kusa da hancin, bai raba ta da jiki ba, ya juyo ta ya toshe gurbin ya ɗinke. Tafintansa ya ce min, "Kada a taɓa, kada a shafa komai. Kada kuma a sake huda wurin, in ya yage babu wani gyara."

Jama'a, ni na ga jinya! Duk matar da ta zo dubiya da maganinta a ƙulle a gefen zane. Wannan man shanu, waccan tokar kara. Na zama dogari a bakin ɗaki, har aka ce na raina manya.

Fata ta kama. Sai ɗan layi kamar zare. Na ce alhamdulillahi, na huta. Ashe ban huta ba.

Ana gab da bikin jikarta na dawo daga ɗiban ruwa, na tarar da tsohuwa mai huda hanci tana goge allura.

"Inna! Don girman Allah!"

"Ke 'yar nan, in shiga taron mata hanci tsirara? A ce ga bazawarar jaki?"

"Likita fa ya ce..."

"Likitan yana da hanci irin namu ne? Nasa ai icce ne."

Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafafun Inna, na ce wallahi sai dai a huda ni. Mai huda ta gaji da mu, ta ce, "To ba ƙofar hanci biyu Allah ya ba ta ba?"

Inna ta yi tsaki, ta ce duk danginta a dama suke sawa. Ta daɗe tana shafa ɗinkin da yatsa, ni kuma raina na tashi. Can ta juya wa mai huda gefen hagu.

A wurin biki ta gaya wa kowa ita ta yi wannan dabarar. Washegari kuma ta koma tatsa, da murjanin a hanci.