Ranar da Aka Kawo Mini Dutsen Niƙa

Wata Alhamis ce bayan girbin gero, 'yan shekaru kafin zuwan Turawa, na tsaya a tsakar wani gida a Goronyo, mata sun cika shi maƙil don bikin suna, muryata kuwa ta ce ba ta san ni ba. Masu kiɗan ƙwarya suka buga, suka sake bugawa, ni dai ina tsaye baki buɗe kamar kifin da aka jefo tudu.

A gidanmu na Wurno ni ce mai niƙa. Tun da sassafe nake durƙusawa gaban dutse ina waƙa, ina yi wa akuyar maƙwabta zambo don tana satar mana dussa, yayyena ma ban ƙyale su ba. A nan Gwaggo Ige, ƙanwar babana, wadda zabiya ce, ta ji ni, ta roƙi Baba ya bari ta koya mini sana'arta. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya ce a gwada ni sau ɗaya. In na ba da kunya, to ni da waƙa har abada. Ga shi kuwa a gidan sunan nan ina tsakiyar ba da ita.

Wata tsohuwa ta ce, "Wagga ɗiya bebiya ta?" Aka bushe da dariya. Gwaggo ba ta tsawata mini ba. Hannuwana ta duba, ta ga suna kai da komowa a iska, sai ta ce, "Ku kawo mata dutsi da hatsi. Ba ta taɓa waƙa tsaye ba."

Mata biyu suka kinkimo dutsen gidan. Na durƙusa, na tura ɗan dutse sau ɗaya, waƙa ta ɓalle. Na fara da akuyar nan, na gangaro kan tsohuwar da ta kira ni bebiya, ita ce ma ta fara rangaɗa guɗa. Da labari ya kai wa Baba, cewa ya yi, "To, ta yi ta yi, tunda gari na hita."

Yanzu jikokina inji suke kai niƙa, ƙararsa ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa, dutsenmu kuma yana bayan ɗaki kaji na shan ruwa a cikinsa. Har yau in zan ɗauki waƙa, hannuwana ke riga bakina motsi.