Matar da Babana Ya Zana a Bango

Ban san uwata ba. Ta rasu ina goye, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Babana mai fentin lori ne a Nima, wata unguwa a birnin Ankara na bakin teku. Shi ke rubuta wa direbobi addu'a a goshin mota, ya zana musu zaki a bayanta. Wajen shekarar da ƙasa ta sami 'yanci na isa tambaya, na ishe shi da zancen uwata: doguwa ce ko gajera, fara ce ko baƙa? Shi kuwa magana ba ta dame shi ba. Sai ya kwashi ragowar fenti ya zana mini ita a bangon ɗakinmu ta waje, ɓangaren da ke kallon lungu, don cikin ɗakin ko da rana duhu ne.

Ya zana ta yadda ya fara ganinta a garinsu can arewa: tsaye cikin kogi, ruwa ya kai mata ƙugu, zane ɗaure a ƙirji, ta tsefe kai za ta wanke. Har wushiryarta ya fitar. Ya ce, "Ga innarki." Ranar ko abinci a gindin bangon na ci.

To, shi kogin garinsu ya gani, mutanen Ankara kuwa teku suka sani. Mace cikin ruwa, gashi a sake, ba a ga ƙafa ba, ai kowa ya san wace ce: aljanar ruwa mai wutsiyar kifi. Mai kokon lungunmu ce ta fara ɗaga murya.

"Ei, mai fenti! Mamiwata ne ka kawo muna gida?"

"Marigayiya ce, uwar yarinyar nan."

"Yoo. Mun ji."

Ba ta ji komai ba. Kafin Juma'a ta zagayo an fara wayar gari da hoda da turare da ɗanyen ƙwai a gindin bangon. Masu neman ciniki ne, da direbobi masu tsoron hanya, cikinsu har da waɗanda ke sahun gaba a masallaci. In Baba ya share ya watsar, a ce ta karɓa. In ya ƙyale, a ce shi ya buƙata. Yara suka daina sa hannu a kwanona. Na tsani lungun nan, har yau ma ban huce ba.

Sai damina ta sauka. Babbar kwata ta cika ta batse, ta ja ɗan wata maƙwabciyarmu, sai can wajen unguwar Maamobi aka tsinci gawarsa. Bayan an binne shi uwar ta zo ta zube gaban bangonmu, tana dukansa da tafin hannu tana cewa, "Ba ni ɗana!" Ita kam ban ga laifinta ba. Waɗanda suka tsaya bayanta suna gyaɗa kai su ne ban yafe wa ba.

Da la'asar mai gidan da muke haya, wani tsohon ɗan kasuwar goro, ya kira Baba zaure. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, ni na san matarka, na ci tuwonta. Amma bakin mutane ya fi ƙarfina. Ko hoton ya tafi, ko ku."

"Alhaji, ina wutsiyar? Nuna mini wutsiyar kifi a jikinta."

"Sun ce tana cikin ruwan."

Baba ya tashi ya fito. Washegari ya dama farar ƙasa a bokiti, jama'a sun cika lungu suna kallo. Ya fara daga ruwan, ya hau zanen, ya shafe kafaɗu. Da ya zo fuska sai ya dakata, ya ce mini, "Duba da kyau." Na duba iya dubawata, sannan ya ja burushi. Wani daga baya ya ce ai ɓoye ta kawai ya yi.

Na sha roƙonsa ya sake zana ta ko a kan kwali ne. Ya gwada, ya yayyaga, ya ce hannunsa ya daina gane ta. Ya rasu kafin a yi mini aure.

Ashe tun kafin a shafe, wani mai fenti daga unguwar Kotobabi ya zo ya kwaikwaya, direbobi kuma suna so. Ina budurwa, na je tasha kai saƙo, sai ga ta a bayan wata lorin Kumasi. Fuskar ce, da wushiryar da komai. Daga ƙugu zuwa ƙasa koriyar wutsiya, ga maciji naɗe a wuyanta. Na zauna a kan buhun wani.

Daga nan, duk ranar da na san lorin za ta yi lodi, sai in nemi dalilin zuwa tasha. In tsaya daga nesa, in ɗaga tafin hannuna in kare wutsiyar, in yi ta kallon uwata har motar ta tashi.