Robar But da Sukarin Taubashina

A zamanin soja, shekarar da kuɗin mai suka sa kowane akawu ya hau mota, ni ma na sayi tsohuwar Fijo. Lafiyarta lau, in ban da robar bakin but, wadda ranar Sakkwato ta gasa ta kamar kilishi.

Na kai wa taubashina, bakanike a Tudun Wada. Ya ce, "Tahi abinka, bawana, roba zan sa maka wadda ta hi ta Turai."

Ashe tsohon tif ɗin keke ya yanka ya liƙa da ƙaro. Ruwan farko na damina ya kama ni a hanyar ɗaurin aure, but ya cika har kwaɗi na iya yin taro a ciki. Sabuwar babbar rigata da na ajiye a but ta jiƙe sharkaf, haka na sa ta na shiga cikin manya ina ɗiga. Shi kuwa ya yi ta dariya, wai tsakanin taubasai ba a kai ƙara.

Na haɗiye, na ƙi canja robar. Gab da azumi ya roƙe ni in ɗauko masa buhun sukari daga kasuwa. Na sa a but, na zauna ina jiran hadari. Da ruwa ya kece, na zaga gari har Gidan Dahala, duk kududdufin da na gani sai na gaishe shi.

Da na isa wurin taubashina, ya buɗe but, ya tarar da buhu ya lanƙwashe cikin ruwan zaƙi. Ya dafe kai. "Kai! Mi kay yi mani?"

Na ce, "Kawo gero mu dama kunu, ubangidana. Aikin Turai ne."