Ƙullutun Dela Mai Wankan Gawa

Dela ƴar Birnin Lalle ce. Aure ne ya kawo ta Dakoro da ƙuruciyarta, a nan kuma mijinta Badaru ya rasu, ya bar mata ɗaki biyu da gona guda a kan hanyar Sabon Maci. Allah bai ba ta haihuwa ba. Wankan gawa a wurin gwaggonta ta koye shi: ta fara da riƙon buta, daga baya aka miƙa mata ƙyallen da ake naɗewa a hannu. Shekara ashirin da shida, duk macen da ta rasu a unguwarsu, Dela ake aika wa kafin a aika wa masu haƙa kabari. Abincinta kuwa geron gonar nan ne, ba ta da wata madogara bayan ita.

Aikin yana da ƙa'ida guda da ta fi sauran nauyi, wato abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya, a ɗakin yake zama. Dela ta riƙe wannan amana har mata suna yi mata tsiya, wai ko kwana aka tambaye ta sai ta yi nazari kafin ta amsa.

A tsawon shekarun nan, sau uku hannunta ya faɗa kan wani ƙullutu a gefen haƙarƙarin gawa, mai laushi, mai zamewa a ƙarƙashin fata. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ta riƙe adadin. Wata safiya ta bazara, tana cikin wanka, sai ta ji na huɗu a jikinta, gefen hagu, girman ƙwan zabuwa. Ta danna, babu zafi. Ta tura shi, ya kauce, ya dawo. Kafin ta ɗaura zane ta gama yanke hukunci: uku ta sani masu irinsa, ukun kuma a kan tabarmar wanka ta same su.

Ba ta yi kuka ba, shiri ta kama. Ta kira Zakiru, ɗan ƙanin mijinta, magidanci mai iyali da yawa da ƙarancin ƙasa, ta ba shi gonar a gaban dattawa biyu.

"Inna, ke mi za ki ci baɗi?" in ji Zakiru.

"Baɗi ta Allah ce. Ka amsa ko in ba wani?"

Ya amsa.

Sai ta koma kan Zuhura, maƙwabciyarta, wadda ta daɗe tana zuba mata ruwa wurin wanka. Ta shiga nanata mata yawan garin magarya da lokacin sa kafur, ta kuma nuna mata inda ta ajiye likkafani.

"Yaya Dela, shekara goma ina riƙe maki buta, yau za ki koya mani magarya?" Zuhura ta ce. "Ko Mala'ika ya aiko maki da takarda ba mu sani ba?"

Dela ta kama hannunta ta aza a wurin. Zuhura ta taɓa, ta tambaya ko yana ciwo, aka ce a'a.

"To don wanga abu kika ba da gona? Wa ya ce maki na mutuwa ne?"

"Na sani."

"Ina kika sani?"

Hujjar Dela duka tana cikin abin da ba ta da ikon faɗa. Zuhura ta ce ita ba za ta wanke wadda ta ƙi zuwa likita ba, sai dai ta nemi wata. Wannan barazana ce ta tayar da Dela zuwa asibiti ranar Talata, Zuhura ta raka ta.

Majon da suka tarar, wato babbar ma'aikaciyar jinya, Haula, ta san Dela, don ita ta wanke mahaifiyarta. Ta kwantar da ita, ta lalluba wurin da hammata da nono, ta tambayi yaushe ya fito, ko yana ƙaruwa, ko tana rama. Sa'an nan ta yi bayani dalla-dalla. Ƙullutu mai laushi da yake zamewa, marar zafi, galibi kitse ne da ya taru wuri guda. Wani lokaci ƴar jaka ce ta fata da ta cika da maiƙo, wani lokaci kaluluwa. Wanda ya fi ba su tsoro shi ne mai tauri, wanda ya kafe ba ya motsi, ko yake girma da sauri. Duk da haka hannu ba ya yanke hukunci, sai an je Maraɗi an yi eko, wato hoton na'ura, an leƙa cikinsa.

"Kina lallashi na ne, ɗiyata," in ji Dela. "Na taɓa ganin irinshi."

Haula ta dube ta, ta gane inda ta gan shi.

"Iya, ba zan tambaye ki suna ba. Ke waɗanda suka tafi kike taɓawa, ni masu rai. A watan nan kaɗai na taɓa biyu, ɗaya ma shekararshi goma sha biyar da abin, jiya na gan shi bisa amalanke yana faɗa da jakinshi. Ki tambayi kanki, ba ni ba: waɗanda kika gani, shi ya kashe su?"

 A hanyar gida Dela ta bi matan ukun ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta. Ta farko wurin haihuwa ta tafi. Ta biyu sanƙarau ne, shekarar da ya shiga gari. Ta uku ta haura tamanin, tana barcin rana aka tarar da ita. Duk ta san wannan tuntuni, ba ta dai taɓa jera shi kusa da ƙullutun ba. Jikin mace mai rai kuwa, ban da nata, ba ta taɓa lallubawa ba.

Tafiya Maraɗi ta ɗauki mako uku kafin ta yiwu. Aka duba, aka ce kitse ne. A bar shi, in ya canza ta dawo. Tana can ruwan shuka ya sauka a Dakoro.

Da ta iso, ta tarar Zakiru ya shuke gonar da gero, sai wani yanki na gabas, wajen gawo, da irinsa bai kai ba. Ta same shi a can yana duba tsiro.

"Zakiru, an ce ba yanzu ba."

"Alhamdu lillahi, Inna. Mun ji daɗi."

"Gonar nake so."

 Ya ce kyauta ce aka yi gaban shaidu, kuma irinsa ne a ciki. Ta ce ta sani, ba ta zo da ƙara ba, roƙo ta zo yi. Suka koma wurin dattawan nan biyu, waɗanda suka raba abin kamar haka: geron bana na wanda ya shuka ne, zai auna mata kashi ɗaya cikin uku, bayan girbi gonar ta koma hannunta muddin ranta, daga nan ta zama tasa. Zakiru bai so ba, amma ya yarda.

Lokacin gero ya riga ya wuce wa yankin gabas. Zuhura ta ba ta irin wake tiya guda, washegari da sassafe Dela ta ɗauki sungumi ta tafi ta shuka shi.